Sunan da Hansai Ba Ta Faɗa

Wudil,
12 ga Mayu, 2001

Zuwa ga 'yata Safiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Ridwan, da aikin makaranta, da sanyin Gembu da kike ta ba mu labarinsa. Yaya nauyin jiki? Allah ya raba lafiya. Mu nan sai godiya. An fara yayyafi, mutanen Utai har sun yi shuka, mu dai muna jira ƙasa ta jiƙa sosai.

Dalilin wannan takarda shi ne mahaifiyarki. Na daɗe ina juya maganar saboda halin da kike ciki, amma shekara talatin da ɗaya na yi ina rubutu a kotu, ban iya ɓoye abin da ya kamata a shigar a takarda ba.

Hansai ba ta da lafiya, kuma ba mu san ciwon ba. Tun bayan babbar salla ta daina ƙuli-ƙuli. Kaskonta yana kife a bayan rumbu, masu zuwa sari ranar Juma'a sai su koma hannu rabbana. Abinci loma biyu ne ta ture kwano. Wuni take a gindin bango da rediyo a cinya, in an yi mata magana ta ce lafiya lau. Awarwaron da ke hannunta yanzu har gwiwar hannu yake zamewa.

Ba zama muka yi ba. Na kai ta asibiti an ɗebi jini, an ce babu zazzaɓin cizon sauro, babu taifot, babu ciwon suga. An yi mata ƙarin ruwa leda biyu. An yi rubutu ta sha, an yi hayaƙi, Liman ya zo da kansa ya yi mata tofi, ya ce shi bai ga alamar iska ba.

Wasu mata suna cewa wai tunanin yayanki Isyaku ne. Ni ban karɓi wannan ba. Yau shekara biyu da wata huɗu ke nan da sojoji suka zo suka shaida mana ya rasu a yaƙin Saliyo, an binne shi a can. Da idonki kika ga yadda ta yi. Ko ɗigon hawaye ba ta zubar ba, kamar yadda ya dace da uwa a kan ɗan fari. Ita ce ma ta yafa mayafi ta tafi Lajawa ta yi wa gwaggonku Rabi ta'aziyya, tunda Rabi ce ta ɗauke shi tun daga yaye ta raine shi. Har yau ana ba da misali da danganarta a unguwa. Matar da ta yi wannan ba za ta zo bayan shekara biyu ta kwanta a kan abin da ya wuce ba.

Abu ɗaya dai zan shigar don kada in rage shaida. Tun da mulki ya dawo hannun farar hula aka fara dawo da sojojinmu gida, duk sanda rediyo ya ce wani rukuni ya sauka sai ta ƙara murya. A watan jiya ɗan maƙwabcinmu ya dawo yana ɗingishi. Ta je barka, ta dawo ta kwanta kwana biyu ba ta fito ba.

In kina da wata shawara ki aiko. Ki gaishe da Malam Ridwan.

Wassalam. Ni ne kawunki,
Gwadabe

*

Gembu,
3 ga Yuni, 2001

Kawuna,

Wa alaikumus salam. Na durƙusa na gaishe ka, da fatan kana lafiya, da iyali, da ƙafar nan da ke damunka in damina ta kama. Takardarka ta yi mako biyu a hanya. Na karanta ta sau uku, na rufe ɗaki na yi kukana.

Kawu, ka yi mini afuwa, amma aikin kotu bai sake ka ba. Ka rubuta shaida tsaf a ƙarshen takarda, sannan ka bar hukunci ga alƙalin da babu shi. Ciwon Inna Yaya Isyaku ne.

Ku maza dangana kuka gani. Ni a ɗakinta na tashi. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce na Lajawa. Amma duk sanda ya zo hutu daga bariki, ƙulin da ya fi kyau take warewa ta ce, "Kai wa na Lajawa," sannan ta tsaya bayan asabari tana leƙensa har ya cinye. Ranar da ya zo sallama zai tafi Saliyo tana matsar mai. Ya tsuguna ya daɗe, ita kuwa ba ta ɗago ba, ta ce Allah ya kiyaye, ta ci gaba da aikinta. Yana fita ta ƙona kasko guda, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

Da zan iya, da yau na hau mota. Likita ya hana ni. Ka san sau biyu ina ɓari, kuma ka ji labarin gangaren dutsen nan da damina.

Ga shawarata. Akwai ƙawata Hannatu Bulus, 'yar Numan ce, tare muka yi kwalejin horon malamai. Ita ta ci gaba ta karanta aikin sauraron masu damuwa da ba su shawara. Yanzu tana sabuwar jami'ar da aka buɗe a can Wudil ɗinku, tana duba ɗalibai, ranar Alhamis kuma tana ganin mutanen gari. Na rubuta mata, tana jiran ku. Ba ta allura, ba ta ba da ƙwaya, ba ta wa'azi. Zama take da mutum ya yi magana ta saurara, mako bayan mako, har abin da ya danne masa ƙirji ya sami hanyar fita.

Alfarma ɗaya nake roƙo, kuma na san ita ce mai wuya. In kun je, ka bar su su biyu. Na san ka, Kawu. Ko likita ne ya tambayi Inna ina ke mata ciwo, kai kake nuna wurin.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce ina nan lafiya ina cin abinci. Malam yana gaisuwa.

'Yarka,
Safiyya

*

Wudil,
21 ga Yuli, 2001

Zuwa ga 'yata Safiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta maigidanki, ina sanar da ke cewa na bi shawararki, kuma ga abin da ta haifar.

Alhamis ta farko muka je. Ɗaki ne ƙarami, kujera biyu, tabarma, da butar ruwa. Ko warin magani babu. Ƙawar taki tana da ladabi, wannan ba zan hana ta ba. Har ƙasa ta gaishe ni. Ta tambayi Hansai yadda take ji, na yi mata bayani daga farko har ƙarshe. Ta bar ni na gama, ta yi godiya, sannan ta ce in ɗan jira su a gindin darbejiya. Awa guda ina korar ƙuda. Da suka fito na tambaye ta me aka gano, ta ce abin da Mama ta faɗa amana ce tsakaninsu. Ni da na aurar da Hansai, ni da na riƙe ta tun rasuwar mahaifinku, yau ni ake ɓoye wa maganarta. Na haɗiye saboda ke.

Alhamis ta biyu da ta uku haka. Don gaskiya, a makon nan na uku ta cinye tuwonta sau biyu, har ta tambaya ko sabuwar gyaɗa ta kusa. Na fara cewa ko Safiyya ta yi gaskiya.

Alhamis ta huɗu ina zaune a gindin bishiyar na ji wani sauti daga ɗakin. Ban gane muryar ƙanwata ba ce sai da na matsa. Kuka take, irin wanda ban taɓa ji daga babban mutum ba, har ɗalibai masu wucewa suna tsayawa. Ta fito ido a kumbure. Muna shiga gida muka tarar da matan maƙwabta suna surfe a tsakar gida. Ta tsaya a gabansu ta ce, "Isyaku ɗana ne. Ni na haife shi, ranar Talata, a ɗakin can." Haka ta kama sunan, gatsal, har sau uku. Matan suka ajiye taɓare suka kama baki.

Kwana uku tana kuka. Sannan ta ce in kai ta Lajawa ta ga akwatin ƙarfensa da sojoji suka kawo, a ba ta hotonsa. Kafin in yi wani abu magana ta riga ta kai kunnen Rabi. Ta aiko a tambaye ni ko an taɓa cewa ta wulaƙanta yaron ne, da za a zo a karɓe mata shi bayan ya mutu. A kasuwa kuwa cewa ake Hansai ta taɓu. Wani dillalin shanu da ko gaisawa ba ma yi ya tare ni a bakin gada yana yi mini jaje.

Wasu suna kawo maganar addinin yarinyar, tunda Kirista ce. Na ce su bar wannan, ba ta taɓa addinin kowa ba. Abin da na sani shi ne mun kai mata mace shiru, mai mutunci, ta dawo mana da ita tana kuka tana tona kanta a gaban jama'a. In magani yana ƙara ciwo, dainawa ake. Na dakatar da zuwan.

Allah ya sauke ki lafiya.

Kawunki,
Gwadabe

*

Wudil,
29 ga Yuli, 2001

Ƙawata Safiyya,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ke, yaya ɗan cikin, yaya Malam? Ina fata kina kwanciya kamar yadda likita ya ce, ko da yake na san ki da taurin kai tun muna aji ɗaya.

Na tabbata Baba Gwadabe ya rubuta miki. Alhamis biyu ke nan kujerar Mama babu kowa. Bari in gaya miki nawa ɓangaren, iyakar abin da aikina ya yarda in faɗa.

Mama ba ta taɓu ba. Hankalinta ya fi nawa. Abin da ke damunta ciwon damuwa ne mai tsanani, wanda baƙin ciki ya haifar. Mutum in ya yi rashi yana buƙatar ya yi kuka, a yi masa gaisuwa, ya ambaci wanda ya tafi, ya ga kabari ko wani abu nasa. Mama ba ta sami ko ɗaya ba. Babu gawa, babu kabari, kayansa an kai wani gida, gaisuwar ma ita ta je ta yi wa wata. Sai aka bi ta da yabo, yabon ya zama mata ƙofa a kulle. Irin wannan ba ya narkewa don an daɗe. Yana komawa jiki ne, ya hana ci, ya hana barci, ya kashe sha'awar komai.

Zama uku na farko ba mu yi maganarsa ba sam. Gyaɗa muka yi ta tattaunawa, wadda ta fi mai da wadda ta fi auki. Haka aikin yake, ba a fizgo magana daga bakin mutum. A zama na huɗu ta ce na Lajawa yana son ƙuli mai yaji. Na ce, "Mama, a cikin zuciyarki me kike kiransa?" Tambayar ke nan. Ban ce ta faɗi sunansa ba, ita ta faɗa, ta kuma ce shekara talatin da huɗu sunan yana bakinta bai taɓa fita ba.

Akwai abu ɗaya da ta ce in gaya miki, ke kaɗai. Ta ce ranar da ya zo sallama ta san jira yake ta ɗago, ita ma tana so, kunya ta hana ta. Takalmansa kawai ta gani. Kullum in ta rufe ido takalman take gani, ta nemi fuskar ta rasa. Shi ya sa take son hoton. Ba ta da niyyar ƙwace wa Gwaggo Rabi komai.

Kukan da ya tsorata su, shi muke nema tun farko. Kamar maruru ne, ranar da ya fashe ya fi kowace rana muni a ido, amma daga ranar sauƙi yake farawa, in an ci gaba da wankewa. Abin da nake tsoro shi ne a fasa a bari.

Ni ma ina da laifi, Safiyya, kuma yana damuna. A makaranta an koya mana riƙe sirrin wanda ya zo wurinmu. Ba a koya mini cewa a gida irin naku mara lafiya yana da mai shi ba. Da na zauna da Baba tun ranar farko na gaya masa akwai kuka a gaba, kada ya firgita, da wataƙila ba mu zo nan ba. Na bar dattijo a gindin bishiya mako huɗu kamar wanda ya zo roƙo. Ranar kukan kuma na bar Mama ta tafi gida kafin ta natsu, don akwai masu jira a waje.

Na je gidan in ba shi haƙuri. Ya karɓe ni da mutunci. Amma da na ce yana da kyau likitan ƙwaƙwalwa a Kano ya gan ta, don akwai ƙwayoyin da ke taimakawa tare da zaman da muke yi, sai ya miƙe ya ce ba a taɓa kai wani nasu asibitin mahaukata ba.

Ba na son tayar miki da hankali a halin da kike, amma dole ki sani. Mama ta ce mini da za a wayi gari babu ita, da ta huta. A aikinmu ba ma wasa da irin wannan magana. Na gaya wa Baba, ya ce haka tsofaffi suke faɗa. Ki rubuta masa, ke yana jin maganarki.

Taki har kullum,
Hannatu

*

Gembu,
16 ga Agusta, 2001

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara tun kafin in fara, don yau ba zan iya zagaye-zagaye ba.

Da hannunka ka rubuta cewa ta ci tuwo sau biyu ta tambayi gyaɗa. Wata huɗu kuna ƙarin ruwa da hayaƙi ba ta tambayi komai ba. Zama uku a ɗakin da babu warin magani ta tuna da sana'arta. Wannan ba shaida ba ce?

Ka ce ta tona kanta. Me ta tona? Akwai wanda bai san ita ta haife shi ba a Wudil? Gaskiyar da kowa ya sani ta faɗa, sau ɗaya a rayuwarta, aka ce ta haukace. Dillalin shanun da ya yi maka jaje, in Inna ta mutu zai zo ya ci shinkafar sadaka ya tafi, ba zai ƙara tuna ta ba. Saboda bakinsa za a bar ta?

Ka tambayi Liman, Kawu. Hawaye ba haramun ba ne. Kururuwa da yaga tufa aka hana. Kunyar ɗan fari kuwa ba a littafi take ba, gadonta muka yi, kuma ban ce ba ta da kyau a wurinta ba. Amma an yi ta ne don mai rai, don kada yaro ya sangarce. Yaya Isyaku ya mutu. Wa ake jin kunya yanzu?

Ina jin haushi, ba zan ɓoye maka ba. Ina jin haushin kaina ma, don ni ma ranar makokin ina cikin masu cewa Inna jaruma ce. Na gan ta tana zuba wa baƙi kunu har yana malala ba ta lura ba, na kau da kai.

Abu biyu nake roƙo. Ka mayar da ita wurin Hannatu ranar Alhamis, in ka ga dama ka fara zama da Hannatun kai kaɗai ta yi maka bayani. Sannan ka je Lajawa ka lallashi Gwaggo Rabi ta ba da hoton ko na mako guda ne. Kai ne babba, ba za ta ƙi ka ba.

Abin da ke cikina yana motsi ina wannan rubutu. Na yi wa kaina alkawari, in Allah ya sauke ni lafiya, da sunansa zan riƙa kiransa a gaban kowa, a ce ba ni da kunya.

Ka yafe mini in na yi tsauri. Ba ni da wanda zan kai wa kuka sai kai.

'Yarka,
Safiyya

*

Wudil,
9 ga Satumba, 2001

Zuwa ga 'yata Safiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, takardarki ta iso. Na yafe miki. Mai ciki tana da zafin zuciya, kuma nisa yana ƙara wa abu girma.

Ki kwantar da hankalinki, an shawo kan matsalar. Na tara Rabi da manyan mata biyu na dangi, muka zaunar da Hansai. Na tuna mata abin da iyayenmu suka gaya mana, cewa duk hawayen da uwa ta zubar ruwan zafi ne ake kwarara wa mamaci a kabarinsa. Na ce in tana ƙaunarsa ta daina ƙona shi. Na kuma nuna mata irin maganganun da ta jawo mana. Sai ta ce, "Na tuba, Yaya." Ta ba Rabi haƙuri, suka rabu lafiya. Tun ranar ko ɗigo ba a ƙara gani ba, sunan ma ba ta ƙara kamawa ba.

Na tambayi Liman kamar yadda kika ce. Ya goyi bayanki, har ya ce maganar ruwan zafin ba haka take ba. Na ji shi. Amma ba Liman ne yake ratsa kasuwa ana nuna shi da baki ba, kuma dai ga shi maganar ta yi aiki.

Hoton kuwa mun ga barinsa a Lajawa ya fi, kada a tayar da abin da ya kwanta.

Ta koma yadda muka san ta, har ta fi. Rediyon da ke tayar mata da hankali ta ba da shi kyauta. Kaskon suyar ta ba wa maƙwabciya. Zannuwanta masu kyau ta raba wa 'yan uwa, ta ware guda biyu ta ce a ajiye miki na goyo. Kowa yana cewa ta koma ga Allah. Cin abincin ne dai har yanzu sai a hankali, amma na sayo mata maganin ƙarin jini.

Ki kula da kanki.

Kawunki,
Gwadabe

*

Wudil,
28 ga Oktoba, 2001

Safiyya,

Ina gaishe ki, ina fata kwanakin sun kusa kuma komai lafiya.

Zan bar Wudil jibi. Kin ji tarzomar da aka yi a birnin Kano a wannan watan. Nan ba a taɓa mu ba, maƙwabtanmu ma sun tsaya mana, amma maigidana ya ce ya gaji da kwana da takalmi a ƙafa. Za mu koma Numan da yara. Na yi gardama har na gaji. Ba a sami wanda zai karɓi aikina ba tukuna, kuma ban ga alamar ana nema ba.

Jiya na je sallama da Mama. Baba ya bar ni na shiga, ya zauna a bakin ƙofa. Na riƙe hannunta, Safiyya, babu komai a ciki sai ƙashi. Na ce, "Mama, yaya zuciyar?" Ta ce, "Lafiya lau, 'yar nan. Ba komai." Irin amsar da ta ba ni ranar farko, da irin muryar. Duk abin da muka gina a mako huɗu an rufe shi, an kuma ƙara masa sakata, don yanzu ta yarda kukanta azaba ne ga ɗanta.

Da na ji ta rarraba kayanta sai gabana ya faɗi. Na ja Baba gefe na gaya masa wannan ba alamar sauƙi ba ce, alamar mai shirin tafiya ce. Na bar masa takarda zuwa ga likita a Kano. Ya karɓa ya sa a aljihu. Wannan karon bai miƙe ba.

Na kasa, ƙawata. Na buɗe abin da ban sami ikon rufewa ba, kuma zan tafi da wannan a raina. Ki yafe mini.

Hannatu

*

Wudil,
19 ga Disamba, 2001

'Yata Safiyya,

Assalamu alaikum. Barka da salla, barka da sauka lafiya. Saƙon Malam Ridwan ya iso cewa namiji ne, an sa masa Isyaku. Allah ya raya shi.

Na shiga na gaya wa Hansai. Na faɗi sunan da ƙarfi don ta maimaita. Ta ce, "Allah ya raya mai sunan na Lajawa."

Ba ta iya tashi yanzu sai an ɗaga ta. Cikin azumi na kai ta Kano da takardar ƙawarki. Likita ya ba da ƙwayoyi, ya ce an makara da yawa, kuma ƙwaya kaɗai ba ta isa ba sai da wanda za ta riƙa yi wa magana. Na je jami'ar ranar Alhamis. Ɗakin an mai da shi wurin ajiye kujeru.

Na je Lajawa da kaina na karɓo hoton. Na sa mata a hannu. Ba ta duba ba. Ta kife shi a kan tabarma ta ce, "Mayar wa Rabi, ɗanta ne."

Na sallami kowa, na zauna a ƙasa kusa da ita kamar yadda yarinyar take yi. Na ce, "Hansai, maganar ruwan zafin nan ba gaskiya ba ce, na janye ta. Yi kukanki, babu mai ji sai ni." Ta gyara mayafinta ta ce, "Ba komai, Yaya."

Kullum da hantsi ina komawa in zauna awa guda. Amsar ba ta canja ba.

Kada ki jira arba'in. Ki naɗo yaron ki taho, ki kira sunansa a gabanta.

Kawunki,
Gwadabe